Miyar Almon ta Farsawan Indiya: Daɗin da Ba a Ba Yaro Mai Ƙiwya

Jama'a, in dai ana maganar miyar nama ce, ni na riga na kaɗa ƙuri'ata, kuma ban ga mai iya sauya min ra'ayi ba. Miyar da Farsawan Indiya suke ɗaurewa da niƙaƙƙen almon ita ce sarauniya, sauran duk 'yan rakiya ne. Na ci miyar Indiya kala-kala, da masu yajin da ke sa hawaye, da masu man da ke ginsar mutum tun bai yi nisa ba, amma wannan hanyarta daban ce. Ja ce mai haske, mai sheƙi, kaurinta na kama bayan ludayi ba tare da ta yi nauyi a ciki ba. Lomar farko gardi da laushi ne za su tarbe ki, sai yaji ya biyo baya a hankali cikin ladabi, can daga ƙarshe wani ɗan tsami ya taso ya wanke harshe, kafin ki ankara hannu ya koma kwano da kansa. Santi kuwa, sai dai 'yan gida su yi haƙuri da ke!

Bari mu fara sanin masu abin. Farsawan nan, waɗanda ake kira Parsi, wata ƙaramar al'umma ce a Indiya, jikokin mutanen Farisa mabiya addinin Zartusht, waɗanda suka baro Iran ta teku bayan faɗuwar daular Sasaniyawa. Sun sauka a gaɓar Gujarat, a wani gari mai suna Sanjan, tsakanin ƙarni na 8 da na 10. Suka ɗauki yaren Gujarati, matansu suka koyi ɗaura sari, amma suka riƙe addininsu gam, suka kuma riƙe hannun girkin iyayensu. Da Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, ta fara bunƙasa a hannun Turawan Ingila, sai suka kwararo can daga Surat da Navsari, suka shiga fatauci da ƙera jiragen ruwa da kafa masana'antu. Jamsetji Tata, wanda ya kafa kamfanin Tata a 1868, ɗansu ne, an haife shi a Navsari a 1839. Masu kallon finafinan Indiya kuma sun san Boman Irani, shugaban kwalejin nan mai taurin kai a fim ɗin 3 Idiots. Shi ma daga cikin mabiya wannan addini na Mumbai ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne duk wannan doguwar tafiya tana nan zaune cikin tukunya guda. Almon ɗan asalin Iran ne da ƙasashen da ke kewaye da ita, kuma ɗaure miya da niƙaƙƙun 'ya'yan itace tsohuwar sana'a ce a girkin Farisa. Har gobe Iraniyawa suna yin fesenjan, miyar da ake haɗawa da niƙaƙƙiyar gyaɗar walnat da ruwan rumman. Kwakwa da tsamiya kyautar gaɓar yammacin Indiya ce. Barkono da dankalin turawa da tumatir kuwa asalinsu nahiyar Amurka ne, jiragen Turawa ne suka kawo su Indiya bayan Vasco da Gama ya iso a 1498. Kowanne ya shigo a zamaninsa, matan Parsi suka ba shi wurin zama, suka daidaita su har ba ka jin wani yana danne wani. Wallahi duk wadda ta fara haɗa waɗannan kaya ta san makamar girki.

Su kansu suna da ma'aunin da suke auna kowace miya da shi, kalmomi uku: tikhu, khatu, mithu, wato yaji da tsami da zaƙi. Dole ukun nan su hallara, kuma kada ɗaya ya ɗaga murya sama da 'yan'uwansa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe girkin Parsi.

A waje an fi sanin su da dhansak, miyar nama da wake iri-iri da kayan lambu, wadda ake ci da shinkafar da aka rina da ƙonannen sukari. Tana da daɗi, ban musa ba. Amma dhansak tana da takunkumi: ita ake dafawa a rana ta huɗu bayan rasuwa, bayan an yi kwana uku ba a ci nama ba a gidan makoki, shi ya sa ba a kawo ta wurin biki ko ranar farin ciki. Miyarmu ta yau ba ta da wannan takunkumin. Tana cikin dangin abin da suke kira kari-chawal, miya da shinkafa, abincin rana na gida wanda kowane ɗan Parsi ya tashi da ƙamshinsa. A yau da kullum ana ɗaure irin wannan miya da kwakwa da gyaɗa da kashu da gasasshen waken chana. Idan aka ce almon ne zai ja ragamar, to an shiga sahun alfarma.

To uwargida, ɗauko kwandon cefane. Ga kilo ɗaya na nama, kuma na roƙe ki ki nemi naman akuya mai ƙashi, kafaɗa ko ƙafa. A Indiya in an ce naman miya galibi akuya ake nufi, kuma ƙashin nan shi ke ba romo jiki. Na rago ma yana yi, sai dai ki rage kitsen, don almon da kwakwa sun riga sun zo da nasu man. Sai almon giram 100, kimanin cikin hannu biyu. Manyan albasa 3, tumatir 3 nunannu, kwakwa guda, tafarnuwa ƙwaya 8, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa. Koriyanda ta ƙwaya cokali 2 na cin abinci, kumin cokali 1, riɗi cokali 2, kurkum rabin ƙaramin cokali, sandar kirfa, kanumfari 4. Dankalin turawa matsakaita 4, tsamiya, mazarƙwaila, man shanu, gishiri. Babu wani abu a jerin nan da zai sa Musulmi ya yi ɗari-ɗari, tunda naman daga mahaucinki za ki sayo.

Barkono yana buƙatar magana ta musamman. 'Yan Parsi suna amfani da busasshen barkonon Kashmir, wanda ya shahara da jan launi da sauƙin yaji. Shi ne sirrin jan nan mai ɗaukar ido. Inda ba a same shi ba, busasshen tattasai guda 8 da ɗan busasshen barkono 2 ko 3 suna kai mutum kusa ƙwarai. Attaruhu kuwa ki ajiye shi a gefe yau, duk son da muke masa, domin ƙamshinsa yana da ƙarfin da zai rufe na almon ruf. Haka garin kori na gwangwani, ba shi da gurbi a nan ko kaɗan. Ko ɗunƙulen ɗanɗano ba ki buƙata. Na san wannan maganar za ta yi wa wasu nauyi, amma ki gwada sau ɗaya da gishiri zalla, ki ji yadda ƙashi da albasa da almon za su yi aikin da kansu. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare da suke kira khas-khas, suna ƙara kauri. In babu, ƙara riɗi ya wadatar.

Aikin farko shi ne ɓare almon. Ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki bar shi minti 10, sai ki murza kowace ƙwaya tsakanin yatsu, ɓawon zai zame da kansa ya bar ta fara sol. Kada ki tsallake wannan mataki. Jan ɓawon nan yana da ɗan ɗaci da bauri, kuma yana dusashe launin miya. Ni wannan zaman ɓarar yana cikin abin da nake so a girkin, don tun a nan mutum yake jin cewa yau ba abincin gaggawa ake yi ba.

Daga nan ki ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ki gasa koriyanda da kumin da riɗi da barkono, kowanne daban, don ba lokaci ɗaya suke gasuwa ba. Da zarar riɗi ya fara tsalle, koriyanda ta saki ƙamshi, ki sauke. Ki kankare kwakwar, ki raba biyu: rabi ki tace madararta, ki ware mai kauri ta farko daban da ta biyu mai ruwa-ruwa, ɗaya rabin ki haɗa da almon da gasassun kaya da tafarnuwa da citta da kurkum, ki markaɗa da ɗan ruwa. Tsofaffin gidajen Parsi a kan dutsen niƙa suke wannan aikin, kuma ƙa'idar ba ta sauya ba ko da bilenda za ki yi: sai ya yi laushi lukui, yadda in kin murza a yatsa ba za ki ji tsaki-tsaki ba. Ki markaɗa, ki huta, ki sake markaɗawa. Santsin miyar gaba ɗaya a nan ake samun sa ko a rasa shi.

Sai albasa. Ki yanka ta siriri, ki soya cikin man shanu tare da kirfa da kanumfari, a wuta matsakaiciya, har ta yi ja kamar zinariya mai duhu. Wannan yakan ci minti 15 zuwa 20, kuma babu hanyar yanke. Mafi yawan girkin naman Parsi a kan soyayyiyar albasa aka gina shi, zaƙin farko na miyar daga nan yake fitowa. In ta yi, ki zuba naman, ki ƙara wuta, ki juya shi har ruwansa ya tsotse, gefensa ya fara ja.

Yanzu mun iso zuciyar al'amarin, inda ake bambance gwana da mai koyo. Ki rage wuta sosai, ki juye markaɗen nan a kan naman, ki ɗauki muciya, kuma kada ki je ko'ina. Kada ki amsa waya, kada ki leƙa yara, kada ki ce bari in ɗan wanke kwano. Kusan rabin nauyin almon mai ne, kashi ɗaya cikin biyar kuma furotin, shi ya sa yake ɗaure miya da kyau haka, kuma shi ya sa yake kama gindin tukunya cikin ƙiftawar ido. In ya kama ya yi ƙauri, babu tsamiya ko mazarƙwailar da za ta ceto shi. Duk wadda ta taɓa tsayuwa a kan miyar gyaɗa ta san wannan halin, sai dai almon ya fi gyaɗa sanyin hali a baki, ba ya mamaye nama, yana lulluɓe shi ne kawai. Ki riƙa juyawa kina kankare ƙasa. In kin ga yana neman kamawa, ki yayyafa cokali biyu na madarar kwakwa mai ruwa-ruwa, ki ci gaba.

Abin da ke faruwa a cikin minti 10 zuwa 15 ɗin nan, kai, abin kallo ne! Da farko markaɗen fari-fari ne mai jan ruwa, yana warin ɗanyar tafarnuwa. Sannu a hankali warin ya gushe, launin ya fara nuna, ya koma ja sosai. Sai wani ƙamshi ya tashi, na gasasshen almon da riɗi da kwakwa a haɗe, ya cika kicin, ya fita tsakar gida, ya tsallaka katanga. A lokacin ne za ki ji yara sun daina wasa sun fara zagaye ƙofa, maigida kuma ya tuna yana da abin ɗauka a kicin. Alamar da kike jira ita ce mai ya taso, ya fito ja a gefen tukunya yana ƙyalli, markaɗen ya tattaru ya saki gindin tukunya. In kin ga haka, ki yi hamdala, rabin aikin ya ƙare.

Sauran mai sauƙi ne. Ki zuba markaɗaɗɗen tumatir ya soyu kaɗan, ki bi da madarar kwakwa ta biyu da ruwan zafi har ya rufe naman, ki sa gishiri, ki rufe, ki bar shi a wuta ƙasa-ƙasa awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kina leƙawa kina juyawa. In saura kamar rabin awa, ki jefa dankalin da kika raba biyu-biyu. Matan Mumbai na yanzu da tukunyar firesha suke rage lokacin, kuma ba laifi, amma wadda ta nuna a hankali kan gawayi tana da wani zurfin ɗanɗano na daban.

Tsami a ƙarshe yake shiga, kuma akwai dalili: in aka sa shi da wuri yana hana dankali yin laushi. Gidajen Parsi sun kasu a kan abin da ya fi dacewa. Wasu kokum suke sawa, wani busasshen ɓawon ɗan itace mai duhu da ke fitowa a gaɓar Konkan. Wasu tsamiya. Wasu kuma 'yan ɗigo na khal ɗin rake, wanda garin Navsari ya yi suna a kansa. Gidan Kolah na can tun 1885 suke wannan sana'a, kuma khal ɗinsu ya zama abin alfahari a kicin ɗin Parsi. Ni tsamiya nake bi, na kuma gamsu da ita ɗari bisa ɗari. Ki jiƙa ta, ki tace, ki zuba cokali biyu, ki bi da gutsuren mazarƙwaila kamar girman dabino, sannan madarar kwakwa mai kauri. Daga nan kada ki bari ta tafasa da ƙarfi, don madarar takan tsinke.

Sai ɗanɗanawa, kuma wannan ne lokacin da na fi ƙauna a duk girkin. Kafin tsamiya ta shiga, miyar mai daɗi ce amma tana kwance, gardinta ya yi yawa har yana neman gundura. Da cokali biyun nan suka sauka, sai komai ya miƙe tsaye. Ki ji kumin, ki ji kirfa can nesa, ki ji naman kansa, ki ji almon yana riƙe da su duka. In ta yi tsami da yawa, ki ƙara mazarƙwaila kaɗan. In zaƙi ya leƙo gaba, ki ƙara tsamiya. Ki yi ta wannan sulhu har ukun nan su zauna lafiya. Babu ma'aunin da zai yi miki wannan aikin, harshenki ne alƙali.

Ana cin ta da farar shinkafa, basmati in da hali, wadda ta dahu warawara. A gefe dole a sami kachumbar: albasa yankakkiya ƙanana, tumatir, kokwamba, ɗanyen barkono, ganyen koriyanda, a matse lemun tsami. Kada ki raina wannan ɗan haɗin, shi ne yake sa a iya ƙara faranti na biyu ba tare da an gaji ba. Ki ɗebi shinkafa, ki malala miya har ta jiƙe, ki murƙushe dankalin da ya sha romo har cikinsa, ki haɗa da tsokar da ke zamewa daga ƙashi ba sai an ja ba, ki ɗora ɗan kachumbar a kai. Subhanallahi! Kunne har motsi yake. Ɓargon da ke cikin ƙashin kuwa, wanda ya sha jan mai, ki san wanda za ki ba, don a kansa ake ɓata zumunci a gaban faranti.

In kuma Allah ya sa ta yi saura, abin da ba kasafai yake faruwa ba, to kashegari ta fi daɗi. Cikin dare almon yana ƙara shan romo, kayan ƙamshi su gama shiga nama. Ki ɗumama ta a wuta kaɗan da ɗan ruwa, ki ci da gurasa ko burodi. Ni har da gangan nake ɓoye kwano guda.

Na san za a ce almon da tsada. Gaskiya ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, Indiya kanta sayowa take yi, don haka duk inda ya iso ya sha kuɗin jirgi. Amma giram 100 ne fa kacal ga tukunyar da za ta ciyar da mutum shida, kuma araha ba ta ado. Ana iya raba shi biyu da kashu, miyar za ta yi kyau, sai dai ta fi zaƙi da nauyi. Shawarata ita ce karon farko a yi ta da almon zalla, a san ainihin abin tukuna, daga baya kowa ya yi dabararsa.

Akwai abin da ke sosa min rai duk lokacin da na ɗora wannan tukunya. Masu wannan girki suna ƙarewa. Ƙidayar Indiya ta 2001 ta sami 'yan Parsi 69,601, ta 2011 kuma 57,264, a ƙasar da ke da mutum fiye da biliyan ɗaya. Abin ya kai har gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin Jiyo Parsi a 2013 don taimaka musu su ƙara haihuwa. Tsofaffin gidajen abincinsu na Mumbai suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, ko da yake irin su Britannia, wanda aka buɗe a 1923 a unguwar Ballard Estate, sun yi suna har a ƙasashen waje. Shi ya sa nake jinjina wa matansu da suka zauna suka rubuta girkin iyayensu don kada ya bi su kabari, irin su Bhicoo Manekshaw, da Niloufer Ichaporia King wadda littafinta My Bombay Kitchen ya fito a 2007 ya kuma ci lambar yabo ta James Beard, da Niloufer Mavalvala haifaffiyar Karachi. Albarkacinsu ne mace a Kano ko Damagaram ko Kumasi za ta iya ɗora tukunyar da wata tsohuwa ta ɗora a Navsari, ta kuma sami ɗanɗano na gaskiya. Mutane kaɗan ne, amma sun bar wa duniya tukunya mai girma, kuma ni ina cikin masu godiya.

A bikin aurensu, idan abinci ya sauka a kan ganyen ayaba, akwai kiran da ake yi wa baƙi da ƙarfi: jamva chalo ji, wato ku taso a ci abinci. Ni ma kiran da nake miki ke nan, 'yar'uwa. Kada ki jira sai Sallah. Juma'ar nan mai zuwa ki aika a sayo kafaɗar akuya da almon, ki ware awa uku, ki kashe waya lokacin suyar markaɗe, kuma ki dafa shinkafar da ta fi ta kullum yawa, domin wallahi sai an nemi ƙari.